Lauyan Siton Taki na Gwaram

Na daɗe ina shakkar rubuta labarin nan. Zaman da na yi ina karatu a ƙasar Turawa ya bar ni da halin neman dalilin kowane abu, amma da na dawo gida aka tura ni aikin noman rani a ƙasar Gwaram, sai na tarar mutanenmu ba su cika ba da dalilin abin da ya same su ba. Ban kuma tabbata ba ko abu ƙarami kamar zaɓen fannin karatu, wanda ɗalibi kan gama da shi a zama ɗaya, ya isa a ce shi ya juya rayuwar mutum. Wataƙila ko da wani abin aka zaɓa, nan ɗin dai za a ƙare. Zan faɗi abin da na ji daga bakin mai abin da waɗanda suka san shi, mai karatu ya auna da kansa.

A siton takin zamani na Gwaram akwai wani ma'aji da kowa ke kira Lauya. Sunansa na yanka Hadi, mutumin Surko ne ta ƙasar Birnin Kudu, kuma ba lauya ba ne. Saura ƙiris ya zama.

Shi ne ɗan fari a wurin Malam Barau da matarsa Batulu. Gonar Malam Barau jigawa ce, yashi zalla, ban da gero da gyaɗa ba abin da take yi. Batulu kuwa 'yar ƙasar Gwaram ce, ubanta ya mutu ya bar fadama a bakin kogi, mai rake da albasa, su biyu rak ya haifa, ita da wanta Iliyasu. A ƙauyensu ba a ba mace gona a gado. Akan ba ta akuya ko zane, in an yi girbi a aiko mata da ɗan abin da ya samu. Saboda haka fadama ta zauna a hannun Iliyasu, Batulu ba ta taɓa tanka maganar ba. Mijinta ne ke tanka mata. Duk ranar kasuwar Birnin Kudu in ya ga jakuna sun wuce da mangalar albasa daga wajen Gwaram, sai ya dawo gida yana tsaki, ya ce kashi ɗaya cikin uku na kayan nan a tsakar gidansa ya kamata a sauke shi.

A shekarar da aka sami mulkin kai aka sa Hadi makaranta. Kawunsa Iliyasu ne ya goya shi a keke ya kai shi Birnin Kudu, shi ya saya masa takalminsa na farko. Yaro ne marar hayaniya, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Aka ce ya ci jarrabawa, ya ci. Ya gama firamare, ya gama sakandare a nan cikin garin, aka ce ya tafi Zariya ya karanta shari'a, ya tafi.

Digirin Zariya kaɗai ba ya mai da mutum lauya. In ka gama sai ka tafi Makarantar Lauyoyi ta Legas ka yi shekara guda, ka zauna babbar jarrabawarsu, in ka ci sannan a sa maka baƙar riga da hular gashi, ka sami ikon tsayawa gaban kotu. A shekarar ƙarshe ta jami'a akan ba ɗalibi dama ya zaɓi fanni uku cikin masu yawa. Masu wayo sukan ɗauki waɗanda suka san za su tarar a Legas, don kada su je can su ji abu baƙo.

Abokin Hadi, Obadiya, yana cikin masu wayon. Uwarsa Eunice nas ce a asibitin Birnin Kudu, mutanen kudancin Zariya ne, amma a nan ya girma, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Mota ɗaya suke shiga in an yi hutu. A hanyarsu ta dawowa hutun da za su shiga shekarar ƙarshe, suna zaune kan buhunan gishiri a bayan wata gingimari, Obadiya ya ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Ɗan Surko, dokar kamfanoni, dokar ciniki, da rubuta yarjejeniyar gidaje da filaye. Ka ji? Waɗannan ukun. Su ke kayar da mutane a Legas."

"Na ji."

"Ba 'na ji' ba. Kai ko an ce maka gidanku ya kama wuta 'na ji' za ka ce."

"Sai na gaya wa Baba tukuna."

"Baba ne zai zauna jarrabawar?"

Hadi ya yi murmushi, ya gyara zama.

Da ya isa Surko ya tarar ana girbin gero. Malam Barau yana da wata ɗabi'a, ba ya yarda a ɗaure dami ko ɗaya sai ya bi sankace da kansa ya tsame zangarniyar da za a ajiye ta iri. Yakan ɗaga kowace, ya duba tsawonta da cikarta, ya murza da ɗan yatsa, wadda ta yi masa ya ajiye gefe, saura ya jefa cikin tari. Yana cikin wannan aiki da hantsi Hadi ya durƙusa kusa da shi, ya gaya masa an ce su zaɓi fanni uku.

Malam Barau bai ɗago ba. "Faɗo su in ji. Da Hausa."

"Akwai dokar kamfanoni."

"Kamfani irin na Turawan da ke sayen gyaɗa?"

"E, Baba."

"Kana da shi?"

"A'a."

"Ni ina da shi? Dagaci yana da shi?" Ya jefa zangarniya cikin tari. "Wuce."

"Akwai yadda ake rubuta cinikin gida ko fili irin na birni, da hatimi da sa hannu."

"Mu nan in mutum zai sayar da gona, dagaci ne da shaidu da goro. Wuce."

"Akwai dokar haraji."

"Wannan ko ba ka karanta ta ba za ta zo ta same ka har ɗaka."

Masu ɗaurin dami suka kwashe da dariya. Hadi ya ci gaba. Da ya ambaci dokar jiragen ruwa, uban ya tambaye shi ko a kogin nan nasu da jaki ke tsallakewa da rani za a sa jirgin. Da ya zo kan rabon gado a shari'ar Musulunci sai hannun Malam Barau ya tsaya. Ya juyo ya dubi ɗansa, abin da ba ya cika yi ba.

"Har da wannan ake koya muku?"

"Ana koyarwa."

"To shi. Sai me?"

Malam Barau ya ɗauki dokar filaye ta gargajiya, ya ɗauki ƙa'idar shaida da rantsuwa a gaban alƙali. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ajiye irin da ya san ba zai yi a gonarsa ba, bai ga dalilin da ɗansa zai kwaso karatun da ba ya tsira a Surko ba. Sannan ya rage murya ya ce, "Fadamar uwarka tana nan tana jiranka."

Abu biyu Hadi ya sani a lokacin. Na farko, a Legas ba wanda zai tambaye shi ko ɗaya daga cikin ukun nan. Na biyu, a dokar wancan zamani ba a barin lauya ya tsaya wa kowa a kotun alƙali, can kuwa ake shari'ar gado. Wato ranar da ya zama lauya, ranar ƙofar da ubansa ke so ya shiga ta rufe masa. Ya buɗe baki zai faɗa, ya ga tsohon ya riga ya koma kan zangarniyarsa, ga kuma mutane. Ɗa ba ya gyara wa uba magana a gaban 'yan ƙwadago.

Ya ce, "To, Baba."

Da suka koma Zariya Obadiya ya ji abin da aka zaɓa, ya riƙe kai da hannu biyu.

"Kai ka san ba za su bar ka ka shiga gaban alƙali ba."

"Na sani."

"Ka gaya masa?"

"Ban samu dama ba."

"To canza! Surko suna da wanda zai zo ya duba? Ka ce masa gado kake karantawa, shi ke nan."

"Zai tambaye ni."

"Me zai tambaye ka, mutumin da bai san bihim ba?"

"Zai ce in raba masa gadon wani ya ji."

Bai canza ba. Ajin gado ɗalibai kaɗan ne, wani malami Basudane ke koyarwa, a wani ɗaki da fanka ba ta aiki. Hadi ya iya lissafin kamar ruwa, wa ke cin rabi, wa ke cin sudusi, wa ke kange wa. Bai ji yana son abin ba, bai ji yana ƙinsa ba. Ya ci digirinsa da kyau.

Labarin digiri na isa Surko, Malam Barau ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya hau jaki sai Gwaram. Ya shigar da ƙarar Iliyasu a kotun alƙali a madadin matarsa, bai yi shawara da kowa ba. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce masa lauyansu na nan tafe. Daga ranar nan Kawu Iliyasu ya daina zuwa gidan, ɗan kwandon albasar da yakan aiko ma ya tsaya.

Hadi kuwa ya wuce Legas. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, gari ya cika da motoci da siminti da gadoji rabi da rabi. Ya sami masauki a Agege wurin fataken goro na wajensu, kullum da sassafe ya matsa cikin bas har makaranta, cikin baƙar kwat, gumi na bin bayansa. Akwai liyafar cin abinci da dole kowane ɗalibi ya halarta kafin a kira shi lauya, ya je ya zauna ya ci da wuƙa da cokali mai yatsu, bai ji ɗanɗanon komai ba. A aji malami yakan ce, "Wannan kun riga kun yi shi a jami'a," ya wuce gaba, 'yan aji su gyaɗa kai. Hadi ya rubuta kalmar da bai taɓa ji ba, ya ja mata layi. Obadiya ya ba shi littattafansa na Zariya, yakan zauna da shi bayan an tashi yana yi masa bayanin hannun jari da taron masu kamfani. Abin yana shiga, amma a hankali, malamai kuwa ba sa jira.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, wata safiya yana tsaye a tasha yana jiran bas, sai ya ga Haladu, wani direban Birnin Kudu da ke kawo shanu kudu. Suka gaisa, Haladu ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Na me?"

Haladu ya dube shi. "Ashe ba a aiko maka ba? Malam Barau ai an yi bakwai tun kafin in taso. Zazzaɓi ne, kwana kaɗan."

Hadi ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya tambaya ko an sami ruwan shuka a gida, Haladu ya ce an yi yayyafi sau ɗaya. Bas ta zo, ya shiga. A hanya abin da ya fi damunsa shi ne takalmin ƙafarsa ta hagu da ke matse masa ɗan yatsa. Ya jira kuka ya zo, ranar bai zo ba, washegari ma bai zo ba. Ya ci gaba da zuwa aji.

Da sakamako ya fito ya ci komai ban da takarda biyu, ta kamfanoni da ta rubuta cinikin filaye. Aka ce masu irin wannan suna iya dawowa su sake biyun a zama na gaba, bayan 'yan watanni, in sun ci a kira su tare da na baya. Obadiya ya ci duka. Ranar da ya sayo hular gashinsa ya ɗora wa Hadi a ka a bakin titi, ya ja da baya yana kallonsa.

"Wallahi ta fi yi maka kyau, ni kaina kamar tulu. Biyu ne kawai, mutumina. Je ka ga tsohuwa, ka yi karatu, ka dawo."

"In Allah ya yarda."

Ya isa Surko Batulu ta fita takaba ke nan. Tunda shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da abin faɗa sai ta gaya wa ƙanwarsa A'i, ko da yana tsaye a wurin. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa, ta amsa tana kallon bango, ta ce wa A'i a kawo wa baƙo ruwa.

Bai yi mako ba masinjan kotu ya zo a keke daga Gwaram. Ya ce ƙarar da marigayi ya shigar tana nan ba wakili, ko a kawo wanda zai tsaya wa mai ƙara, ko a kore ta. A'i ta shiga ta faɗa. Batulu tana tsince shinkafa a faifai, ta ce, "Mai gidan ne ya fara."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Hadi yana zaure ya jiyo, ya ɗauka umarni ne. Ranar zama ya ari keke ya tafi.

Kotun ɗaki ne mai faɗi, alƙali dattijo a kan kujera, muhutinsa mai rubuta shari'a a ƙasa kan buzu, jama'a a tabarmi. Kawu Iliyasu yana gefe guda, ya yi furfura fiye da yadda Hadi ya san shi. Da aka kira ƙara Hadi ya matso ya ce shi zai tsaya wa Batulu, sai kawun ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, wannan yaron lauya ne. Uban ya gaya wa duniya. Ni kuwa na ji an ce lauya ba ya magana a nan."

Alƙali ya dubi Hadi ta saman tabarau. "Kai lauya ne?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Na faɗi jarrabawa."

"Duka?"

"Biyu."

"To wanda ya faɗi biyu me ake ce masa a wurinku?"

"Ba a ce masa komai."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har muhuti ya rufe baki da alƙalami. Hadi bai ji kunya ba, ya tsaya yana jira su gama. Alƙali ya ce, "To tunda ba komai ba ne kai, ɗa ne, tsaya wa uwarka. Amma ka ji da kyau, ranar da suka ɗora maka hular nan tasu, iyakarka bakin ƙofa."

Shari'a ta ja. Yau shaida ba shi da lafiya, gobe ranar kasuwa ce, jibi alƙali ya tafi ta'aziyya. Hadi ya kawo dattawan da suka san uban Batulu, suka shaida cewa fadamar tasa ce shi ya sare ta, bai sayar ba, bai yi kyauta ba, 'ya'ya biyu ya bari. Da Iliyasu ya ce a garinsu mace ba ta gadon gona, Hadi ya tambaye shi, idonsa a ƙasa, ko uban ya taɓa cewa 'yar ba tasa ba ce. Iliyasu ya ce a'uzubillahi. Duk abin da Basudanen nan ya koyar ya yi amfani, ɗaya bayan ɗaya. In an tashi kuma suka fito waje, Hadi yakan durƙusa ya gai da kawunsa, kawun ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" ya kira mai fura ya sa a dama masa. Su zauna a gindin ɗorawa su sha, ba mai cewa uffan a kan fadama. Da yamma ya koma Surko ya buɗe littafin kamfanoni, ya karanta shafi guda har sau uku, ya rufe.

Daga ƙarshe alƙali ya yanke cewa Batulu tana da kashi ɗaya cikin uku. Sai dai hukunci ba ya cika sai an je an auna an kafa iyaka a gaban wakilan ɓangare biyu, fadama kuwa ba ta aunuwa sai ruwa ya janye. Ruwa ya janye daidai lokacin da za a sake zama a Legas.

Obadiya ya zo ganin uwarsa a makon, ya hau babur har Surko. Suka tsaya a ƙofar gida.

"Jibi zan koma Legas. Mu tafi tare, ka kwana biyu a wurina ka yi bita."

"An sa ranar awo."

"A ɗaga mana."

"Alƙalin za a canza shi bayan salla. In sabo ya zo, kawu zai ce a sake daga farko. In kuma na ci, ba zan iya tsayawa ba."

"In ka ci! Ji mutum, yana tsoron ya ci jarrabawa." Obadiya ya buga kan babur da tafin hannu. "Hadi, shekara nawa muna wahalar nan? Saboda kunyar albasa guda nawa? Mamarka ce ta ce ka zauna?"

"Ba ta ce ba."

"To wa ya ce?"

Hadi ya dubi hanya. "Zan gani."

Bai ce zai tafi ba, bai ce ba zai tafi ba. Ranar da Obadiya zai tashi, da hantsi, masinjan kotu ya biyo ta ƙofar gidan da igiyar awo a nannaɗe a bayan kekensa, ya yi sallama ya ce rana na yi. Hadi ya sa takalmi ya bi shi.

An yi awon a gaban muhuti da dagaci da maƙwabtan gona. Ƙasa tana da sauran danshi, ƙafa na nutsewa. Kawu Iliyasu da kansa ya riƙe bakin igiya, Hadi ya riƙe ɗaya bakin, suna ja suna kafa turke, daga bakin ruwa zuwa gindin giginya.

"Ja sosai, ɗana," in ji kawun. "Kada gobe a ce na rage wa uwarka taki ɗaya."

Aka dasa gamba a kan iyaka, aka yi fatiha, kowa ya kama gabansa. A wannan lokacin motar da Obadiya ya shiga ta daɗe da wuce Wudil.

Hadi ya iso gida bayan la'asar, taɓo har gwiwa. Batulu tana daka a tsakar gida, A'i na tankaɗe. Ya tsaya daga nesa ya ce wa A'i ta gaya wa Inna an auna, kasonta ya fita, na wajen giginya ne, ƙasa mai kyau. A'i ta maimaita duk da cewa uwar ta ji. Batulu ta ci gaba da daka har ta kai inda take so, ta jingine taɓarya.

"A aika wa Yaya Iliyasu ya ci gaba da nomawa. Wa zai je min Gwaram noma? Ni ban ce a kai ɗan'uwana ƙara ba."

A'i ta dubi wanta, ta rasa ko ta maimaita. Hadi ya ce to. Ya ɗauki buta ya koma bayan zaure ya wanke ƙafafunsa, ya kankare taɓon da ya bushe tsakanin yatsu da tsinke. Washegari shi ya kai saƙon da kansa. Da kaka ta zagayo kwandon albasa ya dawo, Kawu Iliyasu ya ci gaba da zuwa gaisuwa kamar da.

A shekarun nan mai digiri ba ya neman aiki, aiki ke nemansa. An kira Hadi Kano a ba shi ofis, ya ce ba zai karɓi abin da zai ɗaure shi ba tunda zai koma Legas. An yi masa tayin horon alƙalanci, ya ba da amsa iri ɗaya. Da aka buɗe siton taki a Gwaram ana neman wanda zai riƙe na ɗan lokaci, sai ya karɓa, don yana kusa da gida, ga uwa ga ƙanne, kuma aiki ne da mutum zai iya ajiyewa ko yaushe. Ya auri wata Mairama 'yar garin, sun haifi 'ya'ya. Obadiya yana Jos yana da ofishinsa da farar Fijo, in ya zo ganin uwarsa yakan biyo, da fari yana faɗa, yanzu sai su yi hirar 'yan ajinsu kawai. Littattafan suna cikin kwali a kan wani kanta a siton, an rufe su da buhu saboda gara. Manoma su suka laƙaba masa Lauya, ba da ba'a ba. In an yi rasuwa wasu kan zo ya raba musu gado kafin su je gaban alƙali, ya raba, ba ya karɓar komai, ba ya kuma tambayar yadda aka ƙare.

A siton nan na san shi, don ta hannunsa takin manomanmu ke fitowa. Mutum ne mai magana a hankali, yana ba da labarin nan kamar na wani maƙwabcinsa da ba su saba sosai ba. Wata rana da azahar, layi ya ragu, muna zaune a kan buhuna, na ce masa, "Malam Hadi, yaushe ne ka fasa komawa Legas?"

Ya ce, "Ban fasa ba. Ai duk shekara ana zama. Bana dai taki ya zo a makare, ba wanda zan bar wa mabuɗi."